Shafina na WordPress ya rikice bayan sabuntawa, ƙ da ɗ sun sauya kama

Malam Adamu Tumfure, Gombe

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon waɗanda suka san kan WordPress, manhajar nan da ake haɗa shafin intanet da ita.

Ni malamin gona ne. Na yi aiki da manoman yankin Deba da Dadin Kowa da Kumo har na ajiye aiki, yanzu kuma ina da ɗan shafi a intanet inda nake rubuta musu abin da ya shafi damina da noman rani: lokacin zuba taki, yadda ake gane tsutsar da ke shiga zuciyar masara, yadda ake adana wake a buhu mai leda biyu a ciki ba tare da an barbaɗa masa maganin da zai cuci mai ci ba. Kowane mako ina kuma sa farashin masara da gero da wake da riɗi kamar yadda na tarar a Tudun Hatsi. Wannan farashin shi ne abin da mutane suka fi nema. Ɗan ƙanwata ne ya haɗa mini shafin, shi kuma yanzu yana hidimar ƙasa a wani ƙauye a kudu, samun sa a waya sai an yi dace.

Ga abin da ya faru. Kamfanin da ke riƙe mana shafin ya turo saƙo cewa sun ɗaga PHP, wato harshen kwamfutar da WordPress ke aiki da shi, zuwa na 8. Da na shiga dashbod, inda nake rubutu da sarrafa shafin, na tarar da jan lamba a gefe, wai akwai abubuwan da ke jiran sabuntawa, jigo, wato rigar da ke ba shafin kamanninsa, da fulogin, ƙananan manhajojin da ake ƙara wa shafi. Na danna aka sabunta duka. Tun daga nan abubuwa uku suka taso mini, ga kuma wani tsoho na huɗu.

Shafin farko ba ya buɗewa. Sai farin fili da rubutun Turanci layi ɗaya: There has been a critical error on this website. Abin mamaki, idan mutum ya bi mahaɗin wani rubutu da na taɓa turawa a WhatsApp, rubutun yana buɗewa lafiya. Dashbod ma ina iya shiga. Ƙofar gidan ce kawai a rufe.

Rubuce-rubucen da ke buɗewa kuma kamanninsu sun sauya. Da, saman shafin kore ne, da hoton zangarniyar gero da sunan shafin a ƙasa. Yanzu duk babu, ya koma fari da shuɗi kamar ranar da aka fara ɗora shi.

Na uku shi ya fi ci mini rai. A kanun rubutu, haruffanmu masu lanƙwasa sun fita daban da 'yan'uwansu. Jigon yana mai da kanu manyan baƙaƙe, to sai ka ga kalma kamar ƘWARI, sauran haruffan masu kauri ne, shi kuma Ƙ siriri, ya ɗan nutse ƙasa da layi. A wayar wani maƙwabcina ma ɗan akwati ne ke fitowa a madadin Ɗ. A cikin jikin rubutun babu wannan matsalar, sai a kanu.

Na huɗu tsohon ciwo ne, ba sabuntawa ce ta kawo shi ba, amma tunda na zo bari in faɗa. Jadawalin farashi ba ya shiga fuskar waya. Mutum yana ganin sunan hatsi da farashin makon jiya, na wannan makon kuwa yana can gefe sai an ja da yatsa, kuma da yawa ba su san ana ja ba. Wani dattijo daga Kumo ya kira ni yana faɗa wai na sa tsohon farashi, ya kai wakensa kasuwa da wannan lissafin. Ga nauyi. A cikin gari yana buɗewa, amma idan aka nausa wajen Gwani ko Hinna sai mutum ya gaji da jira ya rufe.

Masu karanta mini ba su da kwamfuta. Ƙananan wayoyin Android ne, wasu fuskar a tsage, data kuma ta kwana ɗaya suke saye. Ba na neman ado. Ina so mutum ya danna, farashi ya fito, Hausarsa ta fito daidai. Ina da shiga cPanel, inda fayilolin shafin suke a wurin kamfanin, yaron ya rubuta mini lambobin sirrin a littafi kafin ya tafi, sai dai ban taɓa taɓa komai a can ba. Daga ina zan fara? Allah ya saka da alheri.

Abba Yelwa, Bauchi

Wa alaikumus salam Baba. Allah ya ƙara lafiya. Yadda ka zayyana matsalar ya rage mana rabin aiki, domin wannan bayanin da ka yi cewa shafin farko ne kaɗai ya mutu shi ne bakin zaren.

Da jigon ne ya lalace gaba ɗaya, ko'ina zai mutu. Tunda shafin farko ne kawai, to akwai wani abu da ba ya aiki sai a can, kuma kusan kullum abin nan ne mai juya hotuna a saman shafi, ko akwatin da ke jero rubutun da aka fi karantawa. PHP na 8 ba ya yafe kurakuran da na 7 yake kau da kai a kansu, shi ya sa tsohon fulogin da mai shi ya daina kula da shi yake faɗuwa da zarar an ɗaga. Na 7.4 kuwa an daina yi masa gyaran tsaro tun Nuwamban 2022, saboda haka masu hostin ɗinka, wato kamfanin da ke riƙe maka shafin, ba su yi laifi ba da suka ɗaga, kuma ba na ba ka shawarar ka ce su mayar da kai baya.

Ka shiga Plugins a dashbod, ka nemi wanda ke da kalmar slider ko carousel a sunansa, ka danna Deactivate. Kada ka goge tukuna. Ka buɗe shafin farko a waya ka gani. In bai tashi ba, ka kashe sauran duka, sannan ka riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya kana duba shafin. Wanda ka kunna shafin ya sake mutuwa, shi ne mai laifin. Kashe fulogin ba ya taɓa rubutunka ko hotunanka, kada ka ji tsoro.

Akwai kuma abin da ya kamata ka sani. Tun WordPress 5.2 da ya fito a 2019, wani lokaci idan wannan saƙon ya bayyana, shafin yakan tura wasiƙa zuwa imel ɗin mai kula da shi, ya faɗi sunan fulogin ɗin da ya jawo matsalar, ya kuma ba da mahaɗin shiga a gyara. In an turo ta, ina kyautata zaton wasiƙar tana can cikin akwatin ɗanka, don da imel ɗinsa ya buɗe shafin. Ka je Settings, sai General, ka sauya adireshin zuwa naka. Za a turo maka saƙon tabbatarwa, sai ka danna shi kafin canjin ya zauna.

In wata rana dashbod ɗin ma ya ƙi buɗewa, nan ne cPanel zai yi maka rana. File Manager, sai public_html, sai wp-content, sai plugins. Ka sauya wa foldar fulogin ɗin da kake zargi suna, ko da ƙara harafi ɗaya ne a ƙarshe. WordPress zai neme shi ya rasa, sai ya kashe shi da kansa.

Zancen koren launi da hoton gero. Abin da nake hasashe, ɗanka ya shiga cikin fayilolin jigon kai tsaye ya yi gyaransa, wato style.css da header.php. Sabuntawa kuwa ba ta tambaya, tana kwashe tsoffin fayiloli duka ta zuba sababbi. In ta Media aka ɗora hoton, ba zai ɓata ba, yana nan a can. Gyaran ne ya tafi. Ka rubuta wa masu hostin ka tambaye su ko suna da kwafin shafin na kafin ranar da ka sabunta. Yawanci suna ajiyewa na ɗan lokaci, shi ya sa ya kamata ka yi yau. Amma kada ka ce su mayar da shafin duka baya, domin rubutun da ka yi bayan ranar zai tafi. Foldar jigon kawai za ka nema, mu ga me aka sauya a ciki.

Don kada a maimaita, gyaran launi da girman rubutu wurinsa Appearance, Customize, Additional CSS. Abin da aka rubuta a can yana zaune ne a rumbun bayanan shafin, sabunta jigo ba ya taɓa shi. In kuma gyaran ya kai ga taɓa header.php, sai a yi ɗan jigo: sabuwar folda a wp-content/themes mai ɗauke da nata style.css, a samansa a rubuta Template: sannan sunan foldar uban jigon daidai harafi da harafi. Ɗan yana gādon komai daga uban, gyaranka kuma yana zaune a wurin ɗan. Ka faɗa mini sunan jigon in rubuta maka shi.

Sani Kwamfuta, Azare

Malam gaskiya ni a ganina kana wahalar da kanka. Ka daina sa lanƙwasar nan kawai, kowa zai gane. Dubi yadda ake rubutu a Facebook, wa ke sa ƙ? Kuma ga masu neman abu a Google, ba wanda ke rubuta ƙwari da lanƙwasa, kwari suke bugawa. Farashin kuma ka rubuta a takarda ka ɗauki hoto ka ɗora, ko ka haɗa shi a waya ka yi sikirinshot, shi ke nan ya shiga kowace waya. In kana son jigo mai kyau irin na kuɗi ina da su da yawa, zan turo maka kyauta.

Hajiya Maryam, Jekadafari

Malam Adamu barka da ƙoƙari. Maigidana yana noman shinkafa a Dadin Kowa, irin rubutun nan naka muna buƙatarsa.

Malam Sani ka yi haƙuri, amma jigon kuɗi na kyauta ɗin nan kada Malam ya karɓa. Ina sayar da turaren wuta da humra ta shafina, kuma wanda ya fara haɗa mini shi irin wannan jigon ya sa, wanda aka fasa aka cire masa lasisi. Shafin yana aiki lafiya a idona, sai wata mai saye daga Bajoga ta turo mini hoto: ta nemi sunan shagona a Google, abin da ya fito a ƙarƙashinsa rubutun Japan ne da tallan kayan da ban taɓa gani ba. An dasa wata ɓoyayyiyar ƙofa a cikin jigon, ana ta ƙirƙirar shafuka da sunana ban sani ba. Sai da aka share komai aka sake ɗorawa daga tushe, kuma an daɗe kafin Google ya daina nuna wannan ƙazantar. Wanda ya fasa jigon kuɗi ya raba a banza ba sadaka yake yi ba. Jigogin kyauta na halal suna nan a cikin dashbod, Appearance, Themes, Add New, an duba su kafin a sa su a can.

Zancen haruffa kuwa, na sha fama da shi a kan sunayen turare, ga abin da na fahimta. Ciwo biyu ne masu kama da juna. In ka ga ƙ ya koma Æ™, ko ɗ ya koma É da dogon layi a gefensa, wannan matsalar tana can wurin ajiyar rubutun, yawanci bayan an ɗauke shafi daga wani hostin zuwa wani. Naka ba shi ba ne, tunda jikin rubutun lafiya yake. Naka salon haruffan da jigon ya zaɓa wa kanu ne ba shi da namu. Wanda ya zana salon bai zana Ƙ da Ɗ da Ɓ ba, to sai wayar ta aro su daga wani salon ta cike gurbin, shi ya sa suke fita sirara. Wayar da ba ta samu inda za ta aro ba sai ta sa akwati.

Hanya biyu ce. Ko ka zaɓi salon da ke da su cikakku, kamar Noto Sans ko Andika, ko kuma, wadda na fi so, ka bar wayar kowa ta yi amfani da salon da ke cikinta. Wayar da ke nuna ƙ a WhatsApp za ta nuna shi a shafinka, kuma ba sai mai karatu ya sauke wani fayil ɗin salo da datarsa ba. A Additional CSS ɗin da Abba ya faɗa ka liƙa wannan:

h1, h2, h3, .entry-title { font-family: sans-serif; text-transform: none; }

Rabin farko ya mai da kanu salon wayar, rabin ƙarshe ya hana jigon mai da su manyan baƙaƙe. Bayan nan ka rubuta kanun gwaji mai ɗauke da ƙ ɗ ɓ da Ƙ Ɗ Ɓ duka, ka duba a wayar maƙwabcin naka, ba taka ba.

Abu ɗaya da Malam Sani ya taɓo mai gaskiya a ciki shi ne mahaɗi. In kanu yana da ƙ, mahaɗin da ka kwafa zuwa WhatsApp yakan fito da tarkace irin %c6%99, ya yi tsawo, mutane su ɗauka na 'yan damfara ne. A gefen dama inda kake rubutu akwai wurin gyara mahaɗin. Can kaɗai nake cire lanƙwasa, in rubuta shi gajere. Kanu da jikin rubutu kuwa ina barin su yadda Hausa take. Amma na tsoffin rubutu kada ka taɓa, don waɗanda ka riga ka tura wa mutane za su iya daina buɗewa.

Hoton jadawali kuma a'a. Hoto ya fi rubutu nauyi nesa ba kusa ba, a ƙaramar waya sai an buɗa shi da yatsu biyu kafin a ga lamba, kuma ba a iya kwafar farashin a tura wa wani.

Malam Adamu Tumfure, Gombe

Alhamdu lillahi. Abba, Allah ya yi maka albarka, mai juya hotunan ne. Ina kashe shi shafin farko ya tashi. Da na duba bayaninsa a inda ake sauke fulogin, an rubuta cewa an rufe shi, ba a ma samun sa yanzu. Na goge shi. Imel ɗin ma na sauya. Masu hostin sun ce suna da kwafin, sun ajiye mini foldar tsohon jigon a File Manager da wani suna daban, tana jiran ka.

Hajiya, na liƙa layin nan. Da farko ban ga canji ba, kanun yana nan yadda yake, sai da na lura da wani maɓalli a saman dashbod na share ajiyar wucin gadi, na danna, sannan ya fito. Na taka har gidan maƙwabcina muka buɗe a tasa wayar. Ɗ ya fito sosai, kaurinsa ɗaya da sauran. Ki gaida maigidan, ki ce masa rubutun mako mai zuwa a kan ƙwarin da ke huda karan shinkafa ne.

Malam Sani na gode da niyyar alheri, amma lanƙwasa ba zan cire ba. Haka aka koya mana a firamare, haka take a littattafan da yaranmu ke karantawa, kuma akwai ɗaliban aikin gona da ke kwafar rubutuna suna kai wa iyayensu. In na rubuta musu ba daidai ba, haka za su ɗauka.

Jadawalin na zauna na dube shi da idon mai ƙaramar waya. Layi shida ne a tsaye: hatsi, kasuwa, awo, makon jiya, wannan makon, bambanci. Na mai da shi uku: hatsi, buhu, mudu, na wannan makon kaɗai. Ranar da na ɗauki farashin na rubuta ta da manyan lambobi a sama. In abu ya hau ko ya sauka sosai, sai in faɗa a jimla ɗaya a ƙasan jadawalin. Yanzu ya shiga fuskar waya ba sai an ja ba.

Saura nauyi. Ya ragu da tafiyar mai juya hotuna, amma rubutun da ke da hotunan gona har yanzu yana jan ƙafa. Hotunan kuwa ba zan iya barin su ba, domin manomi ba zai gane tsutsa da bayani kawai ba, sai ya ga ramin da ta yi a ganye da kashin da ta bari kamar garin katako. Kai tsaye daga wayata nake ɗora su. Kuma na ƙirga fulogin 19 ne a shafin, biyu daga ciki duk suna da kalmar cache a sunansu, wato masu ajiyar wucin gadin nan. Wanne zan bari?

Abba Yelwa, Bauchi

Madalla Baba. Jadawalin nan da ka rage, babu kod ɗin da zai yi abin da ka yi.

Masu cache guda biyu ba sa zama wuri ɗaya, kowanne yana ajiye nasa kwafin shafin, sai ka sauya farashi wani ya ci gaba da ganin na jiya. Ga shafi irin naka wannan haɗari ne. Ka tambayi masu hostin ko sabarsu LiteSpeed ce. In ita ce, ka bar LiteSpeed Cache ka cire ɗayan. In ba ita ba ce, WP Super Cache ya ishe ka. Kuma duk ranar da ka sa sabon farashi ka danna maɓallin sharewar nan, sannan ka duba a wayar da ba ka shiga dashbod da ita ba, don mai shafi yakan ga sabo alhali jama'a na ganin tsoho.

Hotuna: wanda waya ta ɗauka yakan kai megabait uku ko huɗu. WordPress yana rage wanda ya wuce faɗin pixel 2560, amma wannan ma ya yi wa wayar manomi yawa. Kafin ka ɗora, ka yanke hoton ya zama ganyen da tsutsar kawai, ban da sararin sama da sauran gona, ka rage faɗinsa zuwa 1200. Yawanci zai dawo ƙasa da kilobait 200 kuma ramin zai fi fitowa. Tun 5.8 WordPress yana karɓar hoton WebP, wanda ya fi JPEG sauƙi, kuma shafin Squoosh yana yin ragewar da juyawar duka a cikin burauzar waya kyauta. Tsoffin da ke kan shafin ka fara da rubutun da aka fi buɗewa, sauran a bi su a hankali.

Sauran fulogin ɗin ka turo sunayensu nan mu tace tare. Amma kafin mu cire ko ɗaya, ka sa fulogin UpdraftPlus mai ajiye kwafin shafi ka haɗa shi da Google Drive ɗinka, ka ɗauki kwafin shafin duka, kuma daga yau ka riƙa yin haka kafin kowace sabuntawa, kana sabunta su ɗaya-ɗaya. Ɗan jigon zan haɗa shi da daren nan in an kawo wuta. Ka buɗe tsohuwar foldar, ka kwafo mini abin da ke cikin header.php ka liƙa a nan. Wp-config.php kuwa kada ka liƙa shi ko'ina, ko wa ya tambaye ka, kalmar sirrin rumbun bayananka tana ciki.